Tarar da ba a rubuta ba

 Barkanmu da war haka, masu saurare na cikin garin Dakoro, da na Kornaka da Birnin Lalle da Ajekoriya, da ƴan'uwanmu makiyaya da ke kama mu daga rugage can wajen Barmo da Gadabeji.  

Yau zancen dukiyar tsufa za mu yi, da abin da mutum ke asara idan ya taɓa ta kafin lokacinta. Na san da an ambaci fansho wasu za su kai hannu su murɗa rediyo, su ce wannan ai maganar ma'aikatan Yamai ce, mu da ba mu da albashi ina ruwanmu. A ɗan yi mini haƙuri. Duk mutumin da ya ɗaure karsana a bayan gida ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta ranar da ƙarfi zai ƙare ce, to ya buɗe asusun fansho ko da bai taɓa jin sunan ba. Haka tsohuwar da ta ƙi rabuwa da jar akuyarta ko ana biki ko ana suna. Wanda kuwa ya taɓa kwance wannan karsana a watan da bai so ba ya ja ta kasuwa, ya biya tara mai nauyi. Takarda ce kawai ba a ba shi ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Daminar 2009 ta yi gardama, ciyawa ba ta yi ba a arewa, kafin watan Yuni na 2010 kuwa dabbobi sun soma zubewa. Waɗanda suka bi hanyar Gadabeji a lokacin ba su manta da mushen da ke kwance hagu da dama ba. A wannan bazarar na raka kawuna kasuwar Sakabal. Mutum ne da ya haura sittin, ya yi noma, ya yi ci-rani a Kano har ƙafa ta gaji, abin da ya tara na duniya duka shanu huɗu ne. A cikinsu akwai wata karsana ja da yake ji da ita, har bakin bukkarsa take kwana. Ita muka kora tun asuba. Tana tafiya tana tsayawa, ƙashin kwankwaso a waje, sai mun jira ta ta huta.

Dillali ya zagaya ta sau biyu, ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya a tattare. Ya ce, "Baba, wannan sai dai a taimaka maka. Ba za ta jure hanyar Jibiya ba."

Kawu ya ce, "Ɗana, da kaka an taya ta da daraja, na ce albarka."

Ya ce, "Kaka daban, yau daban, Baba. Ɗaga ido ka duba."

Muka duba. Kasuwa cike take da irin tamu, kowa da igiyarsa a hannu, masu saye kuwa ba su fi a ƙirga su da yatsu ba. Kuɗin da aka danƙa wa kawu, bayan an cire la'ada da kuɗin tikiti, bai kai sulusin tayin da ya ƙi da kaka ba. Daga nan muka wuce layin masu hatsi, inda tiya ta yi tashin gwauron zabo. Ya auni abin da ya samu, ya ƙara da buhun dusa saboda sauran ukun. A hanyar komawa ya naɗe igiyar karsanar ya sa a aljihu. Bai ce uffan ba har muka shiga gida.

Ku taya ni lissafi. A wuni ɗaya kawu ya yi asara hawa uku. Ya sayar a ranar da saniya ba ta da daraja, ya saya a ranar da hatsi ya fi tsada. Waɗannan biyun ya gan su da idonsa. Ta ukun ita ce babba, ita ce kuma ba a gani: maruƙan da ke cikin wannan karsana waɗanda ba a haifa ba tukuna. Saniya mai lafiya a ƙasarmu takan haihu kusan duk shekara biyu, wani lokaci ƙasa da haka. In ta ba da mace, macen ma za ta haihu. Ga nono, ga man shanu, ga taki. Abin da zai riƙe shi a shekara saba'in da biyar, shi ya canza da hatsin wata biyu. Shi ya sa makiyaya ke cewa garken da fari ya cinye, sai an yi shekaru masu yawa kafin ya dawo, in ma ya dawo. Tsofaffinmu da suka ga farin 1984, shekarar da mutanen nan suka sa wa suna El Buhari, sun san gidajen da har yau ba su sake ɗaure saniya ba.

Wannan abu da ya sami kawu, a wasu ƙasashe yana da suna da lamba a cikin doka. A Amurka akwai tsarin ajiyar ma'aikata da suke kira 401(k), sunan wani sashe ne na dokar harajinsu da aka shigar a 1978. Duk wata ana yanke wani abu daga albashin mutum a zuba masa a asusunsa na kansa, gwamnati kuma ta ɗage masa haraji a kan wannan kason har ranar da zai ɗiba. Sharaɗin shi ne ya bar kuɗin su kwana har ya kai shekara 59 da rabi. In ya ɗiba kafin nan, zai biya harajin da aka ɗage masa, sannan a ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100. Mu ce ya ciro dalar Amurka 10,000, ba dalarmu ta kasuwa ba: 1,000 ta tafi tara tun kafin a zo kan haraji. An kuma ba shi damar ya ranci kuɗin nasa, har rabin abin da ya tara amma kada ya wuce 50,000, ya biya cikin shekara biyar. Tarkon da ke ciki shi ne, in aiki ya kuɓuce masa bai iya biya ba, sai a lissafa bashin a matsayin ɗiba, haraji da tara su hau kansa a daidai lokacin da ba shi da albashi.

Gwamnatinsu ba don mugunta ta sa wannan tara ba. Ta ce ne, na yafe maka haraji don ka tanadi tsufanka, kada ka zama kaya a wuyan jama'a. In ka warware alkawari, ni ma na warware nawa. Maganar tana da kan gado. Amma su kansu sun gane cewa ba kowa ke fasa asusu don sha'awa ba. Sun cire wanda ya nakasa daga tarar, sun cire wanda kuɗin asibiti ya yi wa yawa. A 2020, da annobar korona ta rufe wuraren aiki, suka ɗage tarar a kan ɗibar da ba ta wuce 100,000 ba ga waɗanda abin ya shafa. Daga 2024 kuma suka yarda mutum ya ciro har 1,000 don buƙatar gaggawa ba tare da tara ba. Wato an kafa katanga, shekara da shekaru kuma ana ta huda mata ƙofofi, domin masu buga ta da kai sun yi yawa.

Mu matso kusa da gida. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano da ke aikin albashi suna ƙarƙashin dokar fansho da Najeriya ta yi a 2004 ta kuma sabunta a 2014. Ma'aikaci na zuba kashi 8 na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, hukumar PenCom na sa ido. Ba a taɓa kuɗin sai mutum ya yi ritaya ko ya kai shekara 50. Amma dokar 2014 ta bar ƙofa: wanda aka sallama daga aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Wanda kuma ya yi ƙarin zubi na ganin dama, dokar ta ce in ya ɗiba kafin shekara biyar za a cire haraji daga ribar da kuɗin suka haifa. A 2022 aka fitar da ƙa'idar da ta ba mutum damar amfani da kashi 25 wajen biyan kafin alƙalamin bashin gida. Kowane da ma'auninsa a rubuce. Mutum na iya zama da alƙalami tun kafin ya sa hannu ya san abin da zai rasa.

A nan Nijar fa? Ma'aikacin kamfani yana zubi a CNSS, ana cire masa kashi 5.25 na albashi, mai aikin ya ƙara nasa. Na gwamnati kuma CARENI ce ke riƙe da fanshonsu. Sai dai tsarinmu ya bambanta da na Amurka da na Najeriya tun daga tushe. Ba wani akwati aka rubuta sunanka a kai ana tara maka ba. Abin da aka cire wa ma'aikacin yau, da shi ake biyan tsohon yau, shi kuma in ya tsufa zubin na baya ne zai riƙe shi. Kamar gayya ce: yau ka yi wa wani noma, gobe a zo gonarka. Tsari ne mai kyau ta fuskar zumunci, ina kuma girmama shi. Amma ba ka iya zuwa tsakiyar gayya ka ce a maido maka da guminka. A CNSS sai ka cika shekara 60, ka kuma yi zubi na shekarun da doka ta ƙayyade. Wanda bai cika su ba, dunƙulen kuɗi ake ba shi sau ɗaya, shi ke nan. Ke nan a takarda, ma'aikacin Nijar ba ya biyan tarar ɗiba da wuri, tunda babu ƙofar ɗibar ma.

A takarda na ce. Rashin ƙofa ba ya hana ciwo zuwa cikin dare. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, wanda ya koya wa rabin unguwa karatu. Matarsa ta kwanta, aka ce sai asibitin Maraɗi. Fansho bai fito ba, saura kusan wata uku. Ya je wurin wani ɗan kasuwa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ɗan kasuwar ya ce, "Malam, kuɗi a hannu babu, amma ga shinkafa, ka ɗauka bashi." Ya ɗauki buhunan a farashin bashi, ya sayar da su a bakin shagon nan a farashin gaggawa, littafin fanshonsa kuma ya kwana a aljihun teburin ɗan kasuwa. Irin wannan ciniki ne mutanenmu suka sa wa suna a ci ba daɗi, tun zamanin da manomi ke karɓar kuɗi da damina ya biya da gyaɗa da kaka.

Mu auna nauyinsa. Mu ce mutum ya tashi da jika 100 a hannu, bayan wata uku ya biya jika 130. Kashi 30 ke nan a wata uku, kashi 120 a shekara. Ƙa'idar ƙasashenmu masu amfani da sefa ta UEMOA, wadda ta soma aiki a 2014, ta ce banki ba zai wuce kashi 15 a shekara ba, ƙananan asusun ba da rance kuma kashi 24. Abin da dattijon nan ke biya ya ninka iyakar kashi 24 ɗin nan sau biyar. Ba'amurken da ke kukan tarar kashi 10, da ya ga wannan lissafi da ya riƙe baki. Na san kuma malaman makaranta ƴan kwantiragi da yawa a ƙauyukan Dakoro waɗanda albashinsu ke shiga hannun mai shago tun kafin ya iso nasu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban zo in tozarta kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mun kulle dukiyar tsufa da kwaɗo mai ƙarfi, muka bar mai ita a waje ba laima, sannan muka kau da kai daga wanda ke jiransa a bakin ƙofa.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa a ɓalle kwaɗon gaba ɗaya. An gwada. A ƙasar Cile, can Kudancin Amurka, majalisa ta yarda ma'aikata su ɗebi kashi 10 na asusun fanshonsu sau uku tsakanin 2020 da 2021, saboda korona. Kimanin dalar Amurka miliyar 50 suka fita. An yi cefane, an biya basussuka, amma miliyoyin mutane suka wayi gari asusunsu ba ko sisi, mafi yawansu kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Tsufansu na nan tafe bai fasa ba. Mu ma mun san irinsa a gida: magidancin da ya sayar da saniyar haihuwa don ya ƙara aure, ko don a ce ragon sunan ɗansa ya fi na maƙwabci. Wannan kam ko an ci shi tara ba zan yi masa kuka ba. Zuciya ba ta da linzami, dole a samu abin da zai ja ta. Amma haɗa shi a ma'auni ɗaya da kawuna, wanda yunwar gidansa ta kora kasuwa, zalunci ne. Tara tana hana mai zaɓi. Wanda ba shi da zaɓi, ƙara masa nauyi kawai take yi.

Hanyar da na ga ta fi kusa da gaskiya ita ce a raba tukunya biyu. Afirka ta Kudu ta soma haka ranar 1 ga Satumba 2024: duk zubin da ma'aikaci ya yi, sulusi na shiga tukunyar da zai iya ɗiba sau ɗaya a shekara, ya biya haraji a kai, sulusi biyu kuma na shiga tukunyar da ba ta buɗuwa sai ya yi ritaya. Najeriya ta riga ta gwada irinsa ga masu sana'ar hannu. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho na ƴan kasuwa da teloli da direbobi da makamantansu, aka tsara shi a kan kashi 40 na buƙatar yau, kashi 60 na tsufa. A 2021 kuma suka buɗe asusun da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, saboda waɗanda addini ya hana su shiga. Wannan na ƙarshen ya kamata hukumominmu su lura da shi sosai, domin a Dakoro duk tsarin da liman ya ɗaga wa gira, ba zai yi nisa ba.

In an duba da kyau, wannan dabara ta tukunya biyu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku tuna yadda iyayenmu mata ke jera dukiyarsu. Baƙo ya zo ko yaro ya yi zazzaɓi, kaza ko zabuwa ake kamawa. Hatsi ya yanke ko za a sayi magani mai tsada, sai akuya. Jar akuyar Maraɗi kuwa Allah ya yi mata albarka, tana yawan haifar tagwaye, ba ta daɗewa ta cike gurbin da aka ɗiba. Saniya tana can baya, ba a isa gare ta sai an bi ta kan duk waɗannan. Akuya ce katangar saniya. Abin da ya faru da kawuna a 2010 shi ne katangar ta riga ta rushe: tun 2005, shekarar yunwar da fari da fara suka jawo har aka buɗe wuraren jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro, awakin gidan suka ƙare, ba a kuma sake mayar da su ba. Da bazarar ta zo, babu komai tsakanin yunwa da karsana.

Matan jihar nan sun ma kai abin gaba. A 1991 aka soma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, yau kuma ƙasashe da dama a Afirka da wajenta sun kwaikwaya. Na sha zama a gefe ina kallon taronsu. Tabarma a inuwa, akwatin ƙarfe a tsakiya, mabuɗansa a hannun mata daban-daban, ba wadda za ta buɗe ita kaɗai. Kowa ta kawo zubin mako a ƙirga a gaban kowa. Wadda ta makara ta biya tara, ƴar kaɗan, kowa ya san adadinta tun ranar da aka kafa ƙungiya, kuɗin tarar kuma akwatin suke komawa, ranar rabo har ita mai laifin za ta ci daga ciki. Mai buƙata ta ranta ta yi ƙosai ko ƙuli-ƙuli ta mayar da ɗan abin da aka amince a kai. Yawancinsu suna da wani ɗan asusu a gefe na rashin lafiya da rasuwa, wanda ba a neman riba a kansa. Uwar kuɗin kuwa ba a fasa ta sai ranar da aka yanka. Ku duba fa: ga kwaɗo, ga ƙofa, ga tara, amma tarar an san ta, ba ta karya ƙashin baya, ba kuma aljihun wani baƙo take tafiya ba. Matan da yawancinsu ba su shiga aji ba sun warware abin da majalisun manyan ƙasashe ke ta gyara wa doka.

Iyakar asusun mata ita ce gajeren zango ne. Ana rabawa kafin shekara ta zagayo, ba ya ɗaukar mutum zuwa tsufa. Kuma in fari ya zo, kowa yake bugu a lokaci ɗaya, masu neman rance su yi yawa, masu zubi su ragu. Haka habbanaye na ƴan'uwanmu Fulani, inda ake ba wanda ya rasa garke aron karsana ta haifa masa ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Al'ada ce da ta tayar da gidaje da yawa, amma tana aiki ne in mai bayarwa yana da abin bayarwa. A 2010 masu bayarwar ma suna neman mai ba su. A nan ne hukuma ke da aikin da ba wanda zai yi mata.

Abin da nake roƙo ga masu mulki, daga ma'aikatar magajin gari har Yamai, ba mai wuyar fahimta ba ne. Tarar da makiyayi ke biya a kasuwar bazara tana raguwa ne in akwai dusa da angurya a farashi mai sauƙi tun watan Maris, a Sakabal da Barmo da Gadabeji, tun dabba na tsaye da ƙafarta. In aka jira har watan Yuni, sai dai a sayi ramammu a yanka a shanya naman, kamar yadda ƙungiyoyin agaji suka yi a 2010. Wannan taimako ne, Allah ya saka musu, amma ceton abin da ya rage ne bayan gobara. Ga manomi kuma akwai warantaji, wanda aka soma a ƙasar nan tare da hukumar FAO wajen 1999: ka kai hatsinka ko wakenka rumbu mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiyar manoma, ɗaya wurin mai ba da rance, ka karɓi kuɗi ka yi hidimarka, in farashi ya tashi a buɗe ka biya ka ɗauki kayanka. Rance ne a kan dukiyarka ba tare da ka rabu da ita ba. Ya kamata a ce kowace karkara a Dakoro tana da irin wannan rumbu. Idan kuma ranar ta zo da za a kafa wa manoma da makiyaya da masu sana'a fansho a Nijar, tunda mafi yawanmu ba ma cikin CNSS ko CARENI, to ina roƙo kada a kwafo akwati mai kwaɗo ɗaya. A yi masa aljihun gaggawa tun ranar farko. A rubuta tarar da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a karanta ta a rediyo, kowa ya san ta kafin ya zuba dala ɗaya. A kuma ɗage ta a shekarar da gwamnati da kanta ta ce an yi gibin abinci ko na ciyawa.

Akwai kuma wata tarar da ba daga sama take zuwa ba. Dabbobinmu kudu suke tafiya, Najeriya ce babbar kasuwarmu. Da naira ta faɗi a 2016, farashin shanu ya faɗi a nan ba tare da an yi fari ba. Da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023, masu dabbobi sun ji a jikinsu. Wanda ya zuba duk tsufansa a kan shanu kaɗai, ya sani cewa ƙimar fanshonsa tana hannun ruwan sama da kuma canjin kuɗin wata ƙasa. Ban ce a bar kiwo ba, Allah ya kiyaye, shi ne arzikinmu da mutuncinmu. Na ce dai wani kaso ya kwana a wani wuri: hatsi a rumbu, zubi a asusu, awaki a hannun uwargida.

Ga mu a kaka yanzu, dabbobi sun ƙoshi, fata na sheƙi, tiya ta sauko. Baba mai shanu, na san da wuya. Na san idan dillali ya taya tsohon sa a wannan wata, baki yakan ce albarka tun kafin zuciya ta yi shawara, domin garke mai yawa abin alfahari ne. Amma wannan san da ya gama aikinsa, da tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, yanzu ne suke da daraja. Kuɗin ɗaya daga cikinsu a wannan wata zai cika rumbu, ya sayi dusar bazara, ya kuma maido da awaki biyu ko uku cikin gida. Inna mai asusu, ke ma idan an yi rabo, kafin a je wajen mai atamfa a tuna da turken da ya zama wayam. Kawuna ya rasu shekaru kaɗan bayan waccan tafiya ta Sakabal. Daga cikin shanu ukun da ya saya wa dusa, biyu suka ga damina. Da ake raba kayansa aka tarar da igiyar nan a naɗe cikin jakar da yake ajiye takardun gona.

A mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna da shugabannin wata ƙungiyar asusun mata daga karkarar Kornaka, su faɗa mana da bakinsu nawa suke cin tara, wa suke yafe wa, da yadda suke yi in mace ta zo tana kuka tana neman a fasa akwati kafin ranar rabo. Wanda ya taɓa sayar da dabbar haihuwa ko ya jinginar da littafin fanshonsa, yana kuma son jama'a su ji yadda aka yi, ƙofarmu a buɗe take, ba za mu ambaci sunansa ba.